Kanwa a Tukunyar Adas

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ɗan gidan mahauta ne. Boko ya raba shi da wuƙa da mayanka tun yana ƙarami, har ya zama malami a wata kwalejin horon malamai a gida, amma bai raba shi da nama ba. Yakan dubi tsoka a cikin miya ya faɗi daga wane sashe na dabba aka yanko ta, kuma in ya ce tsohuwar tunkiya ce, to babu mai yi masa gardama.

A shekarar da nake magana a kanta muna karatu a ƙasar waje, muna zaune tare a wani gida mai ɗaki uku a unguwar Wangsa Maju, can sama a bene. Shi yana ƙarasa digirinsa na uku. Ni na kammala na biyu ina jiran bikin yaye ɗalibai, don haka tukunyar gidan ta dawo hannuna ba tare da an nemi shawarata ba. Na ukunmu wani saurayi ne daga Jos, Kirista, ɗalibin injiniya, mutumin kirki wanda bai taɓa fara zance da harshe ɗaya ya ƙare shi da shi ba. Ni yana kirana Farfesa, Kawu kuma Baba.

Wata safiya Kawu ya kasa taka ƙafarsa ta dama. Babban yatsan ya kumbura ya yi ja yana sheƙi, ko zanen gado ne ya goge shi sai ya yi salati. Muka tallafe shi zuwa wani ƙaramin asibiti a unguwar. Likitar, wata mata ’yar ƙasar mai sanyin murya, ta auna jininsa, ta dube shi, ta sake aunawa. Ta ce abu biyu ne suka haɗu: jini ya hau, kuma akwai wani abu da yawan cin nama ke tarawa a gaɓa, shi ne ya kumbura yatsan. Ta ba da magani, ta kuma ce maganin ba zai yi aiki shi kaɗai ba. Jan nama da kayan ciki da romo, a bar su gaba ɗaya zuwa wani lokaci. Gishiri kuma a rage shi har ya kusa ɓacewa. In ba haka ba, kwantar da shi za a yi.

Ranar kare kundinsa ta riga ta matso. Hutun karatun da kwalejinsa ta ba shi ya zo ƙarshe, kuma in aka ɗage ranar, babu wanda ya san lokacin da za a sake tara masu jarraba shi. Abin da ake bukata ƙarami ne a faɗe: ƙafar ta shiga takalmi, jinin ya sauka, Kawu ya tsaya da kansa a gaban mutanen nan ya yi bayanin aikinsa.

A mota, a hanyar komawa, ya juyo gare ni.

“Kai, yarinyar nan ta ji abin da ta faɗa kuwa? Ubana har ya tsufa tukuf yana fasa ƙashi yana shan ɓargo.”

“Allah ya jiƙansa, Kawu. Amma shi da ƙafa yake zuwa kasuwa ya dawo, ba a gaban kwamfuta yake wuni ba.”

“To, Malam Likita, mun ji.”

Daga ranar sunana ke nan a bakinsa. Da yamma matarsa, Hajiya, ta kira ni daga gida. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, “Ɗana, ka san halin kawunka. Ni ina nesa, kai kana kusa. Na ba ka amanarsa.” Na ce in Allah ya yarda babu abin da zai gagara. Da na san abin da ke gabana, da ban amsa da wannan saurin ba.

Da farko na ɗauka abin mai sauƙi ne. Muna da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da aka kawo mana daga gida. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka wadda ko baƙo ba zan ji kunyar kai wa ba, sai dai babu nama a cikinta. Kawu ya ɗauki cokali ya zagaya kwanon miyar a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Ya ɗaga, ya duba, ya sake zagayawa.

“Ɓarawo ya shigo gidan nan ne?”

“Babu ɓarawo, Kawu.”

“To ina mutanen da ke cikin miyar suka tafi?”

Ɗan Jos ya yi dariya har ya sarƙe. Kawu ya yi ’yan lomomi ya wanke hannu. Na gwada taushe, haka. Na gwada kuɓewa, haka. Ya koma rayuwa a kan shayi da burodi, alhali maganin da yake sha yana son ciki mai abinci. Fuskarsa ta fara zabgewa, haƙurinsa ya gajarta, yatsan kuwa yana nan yadda yake.

Na zauna na yi nazarin lamarin, na gane inda kuskuren dabarata yake. Duk miyar da Kawu ya sani, ya san gurbin nama a cikinta, kuma gurbin nan idonsa ke fara gani kafin ya ga miyar. Abin da nake bukata shi ne abincin da bai taɓa haɗuwa da shi ba, wanda ba zai iya cewa an cire masa wani abu ba.

Akwai wani abokin karatuna ɗan Aljeriya da ke zaune a unguwar Taman Melati. Na tuna wata rana ya ciyar da mu wani abu mai kauri mai ƙamshin kirfa, muka ci muka ƙoshi, sai bayan mun tashi wani ya lura cewa ko ƙashi babu a ciki. Na hau jirgin ƙasa na cikin gari na je na same shi. Ya saurare ni har na gama, ya ce girkin kakarsa ne, kuma ba a koyonsa da baki. Ya ja ni zuwa kicin ɗinsa ya tsayar da ni a gefen murhu.

Adas suke kiran ƙwayar. Dangin wake ce, ƙarama, mai faɗi kamar maɓallin riga, launinta ƙasa-ƙasa. Ya soya albasa a man zaitun da wuta kaɗan, har ta yi laushi ta saki zaƙinta ba tare da ta ƙone ba. Ya zuba tafarnuwa da citta da kurkum da masoro da sandar kirfa, sannan tumatir da karas. Ya wanke adas ya zuba, ya bi shi da ruwa. Da ƙwayar ta ɗauko nuna, sai ya kawo busassun ’ya’yan itace: zabibi, dabino, da wani da suke kira mishmish, mai launin lemo, wanda zaƙinsa ke tafe da ɗan tsami. Daga ƙarshe, bayan ya kashe wuta, ya matsa lemon tsami. Ya ce tun da an hana gishiri, zaƙin nan da tsamin nan su ne za su riƙe harshe a madadinsa.

“Abu ɗaya, ya akhi,” in ji shi. “Kada ka dame shi. Ƙwayar ta nuna, amma ta tsaya da siffarta. In ta narke, kunu ka yi.”

Na ɗanɗana, na ji cewa na sami abin da nake nema. Na biya ta wani kantin Larabawa na haɗa kayan, na koma gida da ƙarfin gwiwa.

Kawu yana kwance a doguwar kujera, ƙafar a kan matashi, lokacin da nake tsince adas a faranti. Ya miƙo wuya.

“Mene ne wannan? Ba shi ne dal ba? Ruwan nan da ’yan mamak ke zuba wa mutum a gefen gurasar roti ko bai tambaya ba?”

Mamak su ne shagunan abincin Musulmin Indiyawa da ke kowace kusurwa a garin, kuma Kawu ya san su fiye da yadda ya san ɗakin karatu. Na ce masa dangi ɗaya ne, amma girkin daban, na Arewacin Afirka ne. Ya ce, “Su ma ashe suna da marasa galihu.” Na ci gaba da tsincewa.

Na bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya yadda aka nuna mini. Ƙamshi ya cika gidan, har ɗan Jos ya leƙo daga ɗakinsa ya ce, “Farfesa, yau akwai makan na gaske ke nan.” Makan abinci ne da harshen mutanen garin. Na zuba ’ya’yan itacen, na rage wuta, sai na tuna ban sayo lemon tsami ba. Akwai kedai, ɗan kantin unguwa, a ƙasan benenmu. Na ce wa Kawu yanzu zan dawo, na sauka.

Da na buɗe ƙofa a dawowata, ƙamshin ya canja. Kirfa tana nan, amma akwai wani abu a bayanta da ke tuna wa mutum wurin wanki. Kawu ba ya kan doguwar kujera. Yana zaune a kan kujerar roba a bakin kicin, yana haki saboda wahalar da ya sha kafin ya isa wurin, da ɗan kofi a hannunsa. Tukunyar tana ta kumfa, tana zuba a kan murhu. Romon da na bari rawaya mai haske ya koma ja mai duhu kamar jiƙaƙƙen tubali. Na sa ludayi na ɗebo. Babu ƙwaya ko ɗaya da ta rage da siffarta.

“Kawu, wani abu aka zuba?”

“Ruwan kanwa. Ka ɗora wake ka fita ka bar shi haka nan tsirara. Yaya ba ta koya maka ba?”

Yaya ita ce mahaifiyata, kuma ta koya mini. A gidanmu ba a dafa wake sai an jiƙa kanwa an tsiyaya ruwanta a ciki, don ya nuna da wuri kuma kada ya kumbura ciki. Kawu ya taho da ƙullin kanwarsa tun daga gida saboda wannan. Abin da ya yi, da tukunyar wake ce, taimako ne.

“Kawu, wannan ba wake ba ne.”

“Ɗan’uwansa ne. Ni da Yaya ba abu ɗaya muke ci ba?”

“Shi ba ya bukatar kanwa. Da kansa yake nuna. Sannan kanwa ’yar’uwar gishiri ce, kuma likita ta hana.”

“Likita ta ce gishiri. Ka ji ta ce kanwa?”

“Ba ta san kanwa ba, Kawu.”

“To, ka gani.”

Na ɗanɗana don in tabbata. Tsamin mishmish ya mutu, na tumatir ya mutu, abin da ya rage zaƙi ne mai santsi da bayan-ɗanɗanon sabulu. Lemon da ke hannuna ba shi da sauran aiki. Ɗan Jos ya zo ya leƙa tukunyar ya daɗe yana kallo.

“Baba, wannan kam siminti ne. Abeg a ajiye mini kaɗan, zan kai makaranta mu gwada ƙarfinsa.”

Kawu ma da ya lasa sai ya yamutsa fuska, ya ce ai shi tun farko bai ga alamar alheri a abincin ba. Wannan maganar ta fi kanwar ɓata mini rai. Na zubar da tukunya guda ta abinci da hannuna, abin da tarbiyyata ba ta yarda da shi ba, na kankare murhu, na ɗauki ƙullin kanwar na ɗora a can saman kabad, inda mai ciwon ƙafa ba zai kai ba. Kawu yana kallona.

Na sake haɗa kaya, na sake ɗorawa. A wannan karon lemon yana gefena tun kafin in kunna wuta, kuma ban matsa daga gaban tukunyar ba ko da wayata ta yi ta ƙara a ɗaki. Abin ya fito yadda ya kamata. Kowace ƙwaya ta nuna tana tsaye, romon ya yi kauri yana sheƙi, zabibi ya kumbura, dabino ya narke rabi ya bar zaƙinsa a ko’ina. Na matsa lemon, na ɗanɗana, ban ji rashin gishiri ba. Na zuba a kan farar shinkafa a babban farantin da muke ci tare, na kai tsakiyar tabarma.

Ɗan Jos ya yi addu’arsa, muka yi bisimilla. Ya kai loma, ya lumshe ido.

“Farfesa, ka ci jarrabawa. Baba, ka gwada mana, lah. Wannan abu ya yi.”

Kawu ya sa hannu da alamar mai yin abin dole. Ya ci loma ɗaya. Ya ci ta biyu. Na sunkuyar da kai don kada ya ga murna a fuskata. Sai na ga idonsa ya tsaya a wani wuri a gefen farantin, fuskarsa ta washe a karo na farko tun ranar asibiti.

Mishmish in ya daɗe a cikin romo mai kirfa da tumatir, launinsa yakan koma ƙasa-ƙasa, ya yi taushi, ya tattare. Ban taɓa lura da abin da yake kama da shi ba sai a wannan lokacin. Kawu ya tsamo guda da yatsu biyu, ya ɗaga shi yadda yake ɗaga tsoka.

“Yauwa, ɗan albarka. Ashe dai kana da tausayi.”

Kafin in buɗe baki ya jefa. Ya tauna sau ɗaya, ya tsaya. Na ga murnar nan ta sauka daga fuskarsa a hankali. Ya tofar a tafin hannunsa, ya dubi abin, ya dube ni. Ɗan Jos kuwa ya kifa a kan tabarma yana dukan ƙasa.

“Baba! Ɗan itace ya yi maka wayo! Kai da ka san tsohuwar tunkiya daga nesa!”

Da bai faɗi haka ba, wataƙila da an tsira. Kawu ya goge hannunsa a hankali.

“Ni za ka yi wa wannan? Jikan Sarkin Fawa za ka ɓoye wa alewa a miya ka ce nama ce?”

“Wallahi Kawu ban ce nama ba ce. Ban ma san zai yi kama da ita ba.”

“Dabino a miya. Zabibi a miya. Wannan abincin rana ne ko buɗa-baki?”

“Su ne a madadin gishiri.”

“A madadin gishiri, a madadin nama. Kai ma a madadin wa aka turo ka?”

Ya dafa bango ya miƙe, ya ƙi hannun da na miƙa masa, ya ɗingisa zuwa ɗakinsa ya tura ƙofa. Ɗan Jos ya daina dariya, ya ce, “Sori, Farfesa. Bakina ne.” Na ce masa ya ci abincinsa.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani mai babur ne da hular kwano, yana riƙe da leda mai zafi, ya ce tapau ne, wato abincin da aka ƙunso daga shago. Ban bukaci buɗewa ba. Romon akuya ne daga mamak, mai kitse yana yawo a sama, ƙamshinsa ya riga ya shige ni zuwa cikin gida. Daga ɗaki Kawu ya ɗaga murya.

“Malam Likita, saƙona ne. A juye mini a kwano.”

Na tsaya a bakin ƙofa da ledar a hannuna. Na san abin da likita ta ce, na san abin da na yi wa Hajiya alkawari, na kuma san inda kwandon shara yake. Amma ƙanen mahaifiyata ne, shi ya riƙe hannuna ranar da aka fara kai ni makaranta, kuma ba a yi mini tarbiyyar da zan zubar da abincin babba a gabansa ba. Na juye romon a kwano, na ɗora a tire da cokali da ruwan sha, na kai masa har gaban gado, na durƙusa na ajiye.

“Kawu, Hajiya za ta tambaye ni.”

“Ka ce mata ina cin abinci lafiya lau. Ƙarya ka yi?”

Na rufe sauran adas na sa a firji, na sa takalmi na fita. Na hau jirgi zuwa Titiwangsa, wurin shaƙatawa mai tafki, na yi ta zagaya tafkin cikin mutanen da ke motsa jiki da iyalai masu tura ’ya’yansu a keke. Abin da ke cina shi ne, babu wanda zan ɗora wa laifin ya zauna daidai. Na yi girki yadda aka koya mini, Kawu ya yi yadda aka haife shi a kai, kuma ladabin da nake alfahari da shi ne ya sa na kai masa cutarsa a tire. Na ciro waya don in kira Hajiya, na mayar. Kai ƙarar kawu wurin matarsa ba ƙaramin abu ba ne, kuma daga can nesa babu abin da za ta iya sai kuka. Hadari ya haɗo kamar yadda ya saba da la’asar a garin, na fake a tasha har ruwan ya tsagaita. A nan na yanke cewa na daina. Mai son romo ya sha romo.

Ƙafar ba ta jira ba. Kashegari kumburin ya haura zuwa idon sawu. Ranar Juma’a ta zo Kawu bai iya zuwa masallaci ba. Na dawo na same shi yana sallar azahar a zaune a kan kujerar roba, yana sunkuyar da kai a madadin sujada. Mutum ne da bai taɓa yarda a gan shi da rauni ba. Na wuce ɗakina kamar ban gani ba. Can na ji yana waya da malamin da ke duba kundinsa, yana ba da haƙuri cewa ba zai iya zuwa gwajin jawabin da suka shirya ba. Bayan ya ajiye wayar, sai ya kira ni.

“Malam Likita.”

“Na’am, Kawu.”

“Abin nan naka. Akwai saura?”

Na ɗumama, na kawo. Na yi niyyar kada in ce komai, kuma na cika niyyata. Ya ce in kawo ɗan faranti. Ya zauna ya tsame mishmish ɗaya bayan ɗaya, ya tsame ɓawon dabino, ya bi zabibi yana tsincewa, duk ya tara su a gefe. Sannan ya sa bayan cokali ya murƙushe ƙwayoyin nan da na tsaya a kansu don kada su narke, har suka zama fate. Ya ce in kawo yaji. Na ce yajinmu akwai gishiri da dunƙule a ciki. Ya ce to barkono zalla, da ɗanyar albasa. Ya barbaɗa barkono har kirfa ta daina jin kanta. Ya ci, ya cinye, ya suɗe cokali.

“Gobe ka yi, amma ban da alewar nan.”

“Kawu, in babu su, babu ɗanɗano. Ruwa da ƙwaya ne kawai zai rage.”

Ya dubi ƙafarsa.

“To ka dafa da su. Amma kada in gan su.”

Haka muka yi har ranar ta zo. Kullum nakan soya albasa a hankali, in zuba kayan ƙamshi bisa tsari, in kula da wuta don ƙwayar ta tsaya da siffarta, ko da yake na san bayan cokali ke jiranta. In na sauke, sai in tsaya a kan tukunya cikin tururi ina farautar ’ya’yan itace. Mishmish da dabino ba su da wuya. Zabibi ne azaba, domin in ya dahu girmansa da launinsa ba su da nisa da na adas, kuma in guda ɗaya ya kuɓuce mini, Kawu zai same shi, ya ɗora a bakin faranti ya turo gabana. Na ba da shawarar in niƙa su tun farko su ɓace a cikin romon. Ya ce a’a, wannan yaudara ce, shi yana son ya san an cire su. Ni da ɗan Jos muka riƙa cin abin da aka tsame, har na kai ga ba na son ganin dabino. Abokina ɗan Aljeriya ya tambaye ni yadda girkin kakarsa ya karɓu. Na ce masa ana ci kullum, ban ƙara komai ba.

Kumburin ya sauka a hankali. Da muka koma asibiti likitar ta auna jinin ta gyaɗa kai, ta ce a ci gaba da abin da ake yi, kada a canja komai sai ta sake ganinsa. Kawu ya gaya mata cewa faten wake yake ci, irin na gargajiyarmu.

Ranar kare kundin, ƙafar ta shiga takalmi, ko da yake ba a ɗaure igiyar ba. Na raka shi har ƙofar zauren, na zauna a kan benci a waje. Da aka buɗe ƙofa ya fito da ƙafafunsa, hularsa ta ɗan karkace, yana murmushi. An karɓi aikin, da ’yan gyare-gyare. Na durƙusa na yi masa barka, ya dafa kaina ya sa mini albarka, har na ji idona ya kawo ruwa. Muka nufi tasha, yana tafe a hankali yana dafe da kafaɗata.

“Malam Likita, a garin nan ina ake samun rago? Ba daskararre ba, wanda za a yanka a gabana.”

“Kawu, likita ta ce kada a canja komai sai ta sake ganinka.”

“Ta ce kada a canja abinci. Ni walima nake magana.”

“Akwai adas a gida. Na dafa tun da safe.”

“Ka tsince?”

“Ban samu lokaci ba. Rakiyarka na yi.”

“To mu hanzarta,” in ji shi. “Ka tsince kafin ya huce, ni kuma in tambayi ɗan Jos maganar ragon.”